Zuwa kiɗan sabuwar shekara a Zauren Zinariya na Biyana: amsa ga wani ɗalibi

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ina karatun digiri na biyu a Graz, ƙasar Ostiriya, kuma bana maiɗakina ta iso. Muna son mu je Biyana a hutun ƙarshen shekara mu ga kiɗan sabuwar shekarar nan da ake nunawa a talabijin, a zauren da ya sha ado da zinariya. Yaya ake samun tikiti? Me ake sawa? Akwai ibadar coci a ciki? Kuma yaya mutum zai yi kada ya kunyata kansa, tunda ba mu taɓa shiga irin wurin ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu, a gaida maiɗakin da sannu da zuwa, da kuma sannu da sanyi.

Bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba. Tikitin wannan kiɗan ba a sayar da shi a taga, ƙuri'a ake jefawa. Ƙungiyar makaɗan da ke yin sa, wato Wiener Philharmoniker, tana buɗe rajista a shafinta na intanet cikin watan Fabrairu, mutane daga ko'ina a duniya su sa sunayensu, sannan a sanar da waɗanda rabonsu ya tsaga. Ke nan wanda bai yi rajista a Fabrairun da ya wuce ba, ta wannan hanyar bana ta wuce shi. Shirin guda ɗaya sau uku ake yin sa: safiyar 30 ga Disamba, daren 31 ga Disamba, sai kuma 1 ga Janairu da ƙarfe 11:15 na safe, wanda shi ne ake watsawa kai tsaye zuwa ƙasashe fiye da 90. Kujera mai kyau a ranar 1 ga wata tana haura Yuro dubu, ta ranar 30 kuwa ba ta kai rabin haka ba, alhali makaɗan su ne, madugun da ke jan su da alamun hannu shi ne, furannin ma su ne. Idan za ka sa suna a Fabrairu mai zuwa, ka haɗa har da ta 30 ɗin. 'Yan kayi-na-yi da ke tallar tikitin a intanet da tsada mai ban tsoro kuma, ka rabu da su. Kuɗin ɗalibi ba na wannan ba ne.

Amma kada wannan ya sa ka fasa tafiyar, domin abin da nake so ka je ka ji ba a ranar 1 ga Janairu kaɗai yake ba. Na shafe shekaru ina koyar da kiɗa, na shiga wannan zaure ban san iyaka ba, a zaune da a tsaye, kuma har gobe idan aka tambaye ni cewa nake yi ɗakin ake zuwa saurare. Talabijin na nuna maka zinariya da furanni, amma abin da ɗakin ke yi wa sauti ba ya bin waya ya iso kunnenka.

Sunan ginin Musikverein, a gefen dandalin Karlsplatz. Wata ƙungiyar masu son kiɗa da aka kafa a 1812 ce ta gina shi a filin da Sarki Franz Joseph ya ba ta, wani magini ɗan ƙasar Denmak mai suna Theophil Hansen ya zana shi, aka buɗe shi ranar 6 ga Janairu, 1870. Babban zauren, wanda ake wa laƙabi da Zauren Zinariya, tsawonsa wajen mita 49 ne, faɗinsa 19, tsayinsa 18. Yana da kujeru 1,744 da wurin tsayuwar mutum kusan 300 a can baya. Ka lura da waɗannan awon: dogo ne, siriri, mai rufi can sama, kamar akwati. Saboda rashin faɗin nan, sautin da ya tashi daga dandamali ba ya yin nisa kafin ya bugi bangon dama da na hagu ya dawo kunnenka, cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba bayan sautin farko. Kunnen ɗan Adam ba ya jin wannan a matsayin amsa-kuwwa, sai dai ya ji sautin ya yi kauri ya kewaye shi ta kowane gefe. Tsayin rufin kuma shi ke ba sautin wurin shawagi, har ya ɗauki kimanin daƙiƙa 2 kafin ya mutu ko da ɗakin a cike yake. Da ya gaza haka, kiɗan zai bushe. Da ya wuce haka sosai, sautuka za su hau kan juna su dagule, kamar yadda ake fama a wasu manyan masallatai masu bangon siminti da tayil, inda na sahun baya ba ya gane huɗuba.

Adon da kake gani a talabijin ma aiki yake yi. Jerin mutum-mutumin matan da aka shafe da ruwan zinariya a gefen bango, da barandar da ta zagaye ɗakin, da ramuka da tudun da aka sassaƙa a rufi, duk suna farfasa sautin su watsa shi, maimakon ya dawo dunƙule kamar daga shafaffen bango. Daɓen katako ne, a ƙarƙashinsa akwai fili wayam, rufin kuma rataye yake daga sama. Idan manyan gogen nan masu tsayin mutum suka ja sauti mai zurfi, za ka ji shi a tafin ƙafarka. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne Hansen ya yi wannan tun kafin a san lissafinsa. Sai a shekarun 1890 wani malamin kimiyya a Amurka, Wallace Sabine, ya gano yadda ake auna daɗewar sauti a ɗaki, kuma da iliminsa aka gina zauren Boston da aka buɗe a 1900, shi ma mai siffar akwati. Na Biyana ya riga lissafin da shekaru fiye da ashirin.

To a nan ne amsar tambayarka ta kunya take. Babu lasifika a wannan kiɗan. Makirfon da za ka gani a rataye na masu ɗaukar shiri ne, ba na ƙara murya ba. Mutum tamanin ko fiye suna kaɗawa da hannu da baki, katako da tsirkiya da tagulla, ɗakin ne kaɗai ke kai maka. Ɗakin kuwa ba ya zaɓe: yadda yake ɗaukar sautin sarewa ya kai wa mutum dubu biyu, haka yake ɗaukar tarinka, da buɗe ledar alewa, da raɗar da ka yi wa maiɗakinka. Mu a gida mun saba mai sauraro yana cikin kiɗan da bakinsa da jikinsa. Makaɗi ya wasa ka, ka tashi ka yi masa liƙi, mata su rangaɗa guɗa, 'yan amshi su karɓa, maroƙi ya ƙara gishiri. Wanda ya zauna shiru a gaban makaɗi a wurinmu, ai ya nuna kiɗan bai ratsa shi ba. A can kuwa shirun shi ne liƙinka. Akwai wuraren da masu goge talatin za su ja a hankali har sautin ya koma kamar numfashi, kuma ba za su iya sauka can ƙasa ba sai jama'a sun ba su shirun da za su sauka a kai. Idan ka riƙe wannan, sauran ƙa'idojin duk za ka gane su da kanka: a kashe waya gaba ɗaya, ba ɗaukar hoto ana cikin kiɗa, wanda ya makara ya jira a waje sai an kai gaɓa, mai tari ya zo da hankici da alewar da ya riga ya ɓare.

Ga yadda abin ke gudana. Makaɗa za su shigo su zauna. Shugaban masu goge, wanda ke zama a kujerar farko ta hagun madugu, zai miƙe, sai ka ji wata siririyar busa ta ja sauti guda, kowa ya daidaita kayansa da shi. Wannan abin busar sunansa obo, kuma da ka ji shi za ka ji ƙamshin gida, domin danginsu ɗaya da algaita: dukansu ta tsakanin 'yan siraran kara biyu ake hura su. Manyan gangunan tagulla da ke baya 'yan uwan tambari ne, ƙahonin tagulla za su tuna maka da kakaki, dangin goge kuwa huɗu ne daga ƙarami zuwa babba, kowanne da tsirkiya huɗu a madadin ɗaya ta gogenmu, sai dai wasu manyan da ke da biyar. Bayan an daidaita sai madugu ya fito, a tafa masa, ya juya wa jama'a baya ya ɗaga hannu. Daga nan shiru.

Maganar tafi ita ce ke tsorata baƙi, kuma ba ta da wuya. A bikin sabuwar shekara kaɗe-kaɗen gajeru ne, kowanne minti uku zuwa goma, ana gamawa a tafa. Inda ake tuntuɓe shi ne dogon kiɗa mai babi uku ko huɗu, inda makaɗa ke tsayawa tsakanin babi da babi su juya takarda. Nan ba a tafi, domin ba a gama ba. Ka sayi ɗan littafin shirin a ƙofa ka ƙirga babin, ko kuma ka jira sai madugu ya sauke hannuwansa ya juyo. Ina ma roƙonka da wani abu: ko an gama, ka bar daƙiƙa biyun nan su cika. Sautin ƙarshe yana nan yana yawo a saman ɗakin, kuma shi ne mafi daɗin abin da ka biya kuɗi dominsa. In kuwa ka yi kuskure ka tafa a tsakiya, kada ka ɗauke shi wani abin kunya. Wannan al'adar ba ta daɗe haka ba. A 1778 shahararren mai tsara kiɗa Mozart ya rubuta wa mahaifinsa daga Faris yana murna cewa jama'a sun tafa masa ana tsakiyar kiɗa.

Shi kansa kiɗan sabuwar shekarar, akasarinsa na gidan Strauss ne, gidan makaɗa na gado irin yadda muka san su: uba Johann, da 'ya'yansa uku, Johann ƙarami da Josef da Eduard. Uban bai so 'ya'yan su gaje shi ba, amma Johann ƙarami, wanda aka haifa a 1825, ya zo ya shafe shi a suna. Kiɗan rawa ne, wals da polka da maci. Wals bugu uku-uku ne, sai dai makaɗan Biyana ba sa raba ukun daidai. Suna ɗan gaggauta na biyu, su ɗan jinkirta na uku, sai kiɗan ya riƙa rangaji kamar tafiyar raƙumi. Ba a rubuce yake a takarda ba, kunne ne ke gadonsa daga kunne. Kai da ka tashi da jin kalangu, kunnenka zai kama wannan da wuri fiye da na mutane da yawa da ke zaune a ɗakin, ka saurare shi. Ƙungiyar ma tana da nata halin. An kafa ta a 1842, makaɗanta daga gidan opera na birnin, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, suke fitowa, su ke mulkin kansu, ba su da madugu na dindindin, kuma tun daga 1987 kowace shekara sai su gayyato wanda zai ja kiɗan sabuwar shekara. Obo da ƙahon da suke busawa ma irin na Biyana ne, ƙirarsu ta bambanta da ta sauran duniya.

A ƙarshen shirin akwai abin da kowa ke jira. Masu goge za su fara wata 'yar karkarwa can ƙasa-ƙasa, farkon wals ɗin Kogin Danub da Johann ƙarami ya yi a 1867. Jama'a sai su katse su da tafi, da gangan, madugu ya tsaya ya juyo, makaɗan gaba ɗaya su haɗa baki su ce "Prosit Neujahr", wato barka da sabuwar shekara, sannan a sake ɗaukowa daga farko. Bayansa sai macin Radetzky, wanda uban ya yi a 1848 don wani babban hafsan sojan Ostiriya. A nan ne kaɗai ake so ka tafa ana cikin kiɗa. Madugu zai juyo ya riƙa ba jama'a umarni da hannu, nan a hankali, nan da ƙarfi, nan a tsaya. Bayan awa biyu ana riƙe numfashi, mutum dubu biyu su saki hannu lokaci guda, daɓen katakon nan yana amsawa. A 2005 an bar macin ba a yi ba saboda juyayin waɗanda igiyar tsunami ta hallaka kwanaki kaɗan kafin nan, a 2021 kuma Riccardo Muti ya ja shi a ɗaki wayam saboda korona, ba mai tafi ko ɗaya. Na kalli wannan a talabijin, kuma ban taɓa jin kewar jama'a a kiɗa kamar ranar ba.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da asalin bikin, domin ba na son ka ɗauke shi tsohuwar al'ada mai tsabta tun zamanin sarakuna. An fara shi ne ranar 31 ga Disamba, 1939, ƙarƙashin Clemens Krauss, lokacin Ostiriya na hannun 'yan Nazi, yaƙi ya riga ya ɓarke, kuɗin da aka tara kuma asusun agajin hunturu na gwamnatin Hitler aka ba. Kafin nan an kori makaɗa Yahudawa daga ƙungiyar, wasunsu sun mutu a sansanonin kisa. An koma yin sa ranar 1 ga Janairu daga 1941. Ƙungiyar ta daɗe ba ta son a tono wannan, sai a 2013 ta wallafa binciken masana tarihi a kai. Mata ma sai a 1997 aka yarda su zama cikakkun 'yan ƙungiya, kuma sai a 2025 aka fara kaɗa abin da mace ta rubuta a wannan biki, wani wals na Constanze Geiger. Wannan bai rage wa kiɗan daɗi a kunnena ba, amma yana sa ni in zauna a ɗakin da sanin inda nake.

Batun ibada: kiɗan sabuwar shekara babu addu'a, babu wa'azi, babu waƙar coci, zauren kuma ba coci ba ne. Amma a watan Disamba ana yin wasu shirye-shiryen da kalmominsu na addinin Kirista ne tsantsa, kamar Messiah na Handel da Weihnachtsoratorium na Bach, wanda ke ba da labarin haihuwar Annabi Isa bisa Linjila. Duk inda ka ga kalmar Weihnachten ko Advent ko Messe a sunan shiri, to na Kirsimeti ne ko na coci. Ka duba kafin ka saya, ka zaɓa da saninka. A lokacin hutun rabi ana sayar da giya mai kumfa a farfajiya, kusan kowa za ka gani da kofi, amma akwai ruwa da ruwan tuffa a wuri guda.

Me za ka saya ke nan bana? Zauren ba ya hutawa a Disamba da Janairu. Ka shiga shafin Musikverein na kansu ka duba jadawali. Ƙungiyar Tonkünstler tana yin nata kiɗan sabuwar shekara a wannan zauren a kwanakin da ke kewaye da sabuwar shekara, da irin waɗannan wals da polka, kuma tikitinta a fili ake sayarwa. A ɗaya babban zauren birnin, Konzerthaus, wanda aka buɗe a 1913, ƙungiyar Wiener Symphoniker ta saba rufe shekara da Simfoni ta Tara ta Beethoven, mai babi huɗu da rundunar mawaƙa a ƙarshe, sama da awa guda ba hutu. Ta Beethoven ɗin ta fi nauyi, amma idan maiɗakinka mai haƙurin sauraro ce, ba za ku manta da ita ba. A bakin babban cocin Stephansdom da gaban gidan opera za ku haɗu da samari sanye da jar riga da farin gashin kanti suna tallar tikiti. Ba 'yan damfara ba ne, kiɗan na nan, wani lokacin ma a Zauren Zinariyar ake yi, sai dai shiri ne na 'yan yawon buɗe ido, gutsure-gutsuren sanannun kiɗa, kuma ba Philharmoniker ba ne ko da sunan ya yi kama. Ka karanta sunan ƙungiyar da kyau.

Wajen zaɓen kujera, kada ka bi ta gaba. Sahun farko wuya kawai zai sa ka ɗagawa, kuma goge zai danne sauran. Daga tsakiyar ɗaki zuwa baya, ko barandar da ke fuskantar dandamali, nan sauti ya gama haɗuwa. Kujerun da ke saman dandamali gefen babbar ogan, kayan kiɗan nan mai dogayen bututu, suna da araha saboda ba a ganin makaɗa sosai, wasu ma ba a ganin komai, shafin yana faɗa maka kafin ka biya. Wurin tsayuwa, wanda suke kira Stehplatz, a yawancin darare bai fi kuɗin abincin rana ba, kuma sautin can baya yana da kyau ƙwarai. Da kai kaɗai ne da na ce ka fara da shi, ka je da wuri ka kama jikin ƙarfen gaba. Tunda da iyali za ka, kuma karon farko ne, ka nema mata kujera.

Sutura kuwa, ka sa kayanka na gida in kana da su. Kaftani mai kyau da hula, ko babbar riga in za ka iya tattare hannunta don kujerun matsattsu ne, sun fi ƙarfin wurin. Matan Japan da kimono suke zuwa bikin 1 ga Janairu kowace shekara. Ita ma ta sa atamfarta ko leshinta da mayafi, sai dai ta yi ɗaurin kai gajere saboda na bayanta, ta bar awarwaro masu ƙara a gida, ku kuma sassauta turare don ɗakin rufe yake kuma kafaɗa na gugar kafaɗa. Manyan rigunan sanyi da jakar baya dole a ajiye su a wurin ajiya a ƙasa, ana biyan 'yan kuɗi kaɗan, ka riƙe tsabar kuɗi.

Daga Graz jirgin ƙasa wajen awa biyu da rabi ne zuwa babbar tashar Biyana, daga nan jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin U1, tasha biyu ku sauka a Karlsplatz. Ku isa da saura minti arba'in, ku ajiye riguna, ku sami wurinku, ku ɗaga kai ku kalli zanen rufin kafin a fara. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu a wannan lokacin, don haka shirin dare, wanda yawanci 7:30 ake farawa, zai same ku kun riga kun yi isha'i. Na safe ne ke son lura, domin ana tashi ne azahar ta yi nisa, la'asar kuma na shiga kafin ƙarfe biyu.

Ranar 1 ga Janairu kuma ku kunna ORF, tashar talabijin ta ƙasar Ostiriya, a gida da 11:15. A hunturu agogon Biyana daidai yake da na Kano da Yamai, don haka idan akwai wanda kuke so ya kalla tare da ku daga gida, lokacin ɗaya ne. Za ku kalle shi da wani kunne daban bayan kun shiga ɗakin da ƙafarku. Ka sa tunatarwa a wayarka tun yanzu don 1 ga Fabrairu, ku yi rajistar ƙuri'ar ku biyu, kowa da sunansa.